Kurakurai Arba'in da Uku

Ranar Litinin

Baban Injiniya,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga ni da 'yarka. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya gajiya, yaya kuma gwiwar nan da kake ɓoye mini? Direban kamfaninku da ya kawo wasiƙarka ya ce ya gan ka kana ɗingishi a bakin madatsar ruwan, saboda haka kada ka ƙara rubuto mini wai ta warke. Mu dai nan lafiya lau muke, sai kewarka.

Na karanta inda ka ce wannan hutun ma ba za a sake ku ba sai an gama zuba kankare. Ban yi mamaki ba, amma ya yi mini ciwo. Hutun makaranta na uku ke nan da yarinyar nan za ta yi ba ta sa ka a ido ba, ga shi wurin naku ko waya ba ta shiga sai mutum ya hau tudu kamar akuya. Da na faɗa mata, cewa ta yi "to", ta koma ɗaki. Da ma kuka ta yi, da na san abin da zan yi da ita.

Sai kuma aikin da ka ɗora mini, wai in zaɓa mata wasan kwamfuta a matsayin kyautar hutu, in ce daga gare ka ne, tunda ni ce gwana, sana'ata ce. Malam, ka aiki wadda ba ta dace ba. Bari ka ji yadda ta kaya.

Ranar Asabar na je shagon nan na hawa na biyu, wanda ke maƙwabtaka da mai gyaran agogo. Mai shagon ya zube mini kwalaye a kan kanta, bakinsa bai huta ba: ga na harbi, ga na tseren mota, ga na ƙwallo sabon fitowa. Na ce masa na ƙwallon nan ai na bara ne, riguna kawai aka canja wa 'yan wasan aka ƙara lamba ɗaya a jikin kwali. Na harbin kuwa tun ina budurwa ake harbin mutanen nan, har yau ba su ƙare ba. Ya yi dariya ya ce su yara ba sabon abu ke kawo su shagonsa ba, abin da abokinsu ke bugawa suke nema. Ya ce duk shekara sai wasu masu ƙoƙari sun fito da abin da ba a taɓa gani ba, shi kuma ya saya don kara, ya ajiye can sama har kwalin ya koɗe. Na ce laifin ire-irensa ne da ba sa nuna wa yara. Ya ce laifin ire-irena ne da muke yabon abu da baki, mu fita ba mu saya ba. Muka yi ta yi har mai gyaran agogo ya leƙo ya ga ko faɗa ake.

Don ya rufe mini baki sai ya taka kujera ya sauko da wani daga saman, ya kunna mini. Wasan wani tsoho ne mai gyaran laima, ba harbi, ba gudu, mutane na kawo masa laimominsu yana gyarawa suna ba shi labarinsu. Ina jin abin yana da kyau, amma ban tsaya na gani ba. Kafin minti biyar na riga na tura tsohon cikin kusurwar teburinsa, na danna maɓalli biyu lokaci guda, hannunsa ya nutse cikin katako ya ƙi fitowa. Mai shago ya karɓe abinsa, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin wanda ya yi wa tsohon nan haka ba. Na fito hannu rabbana.

Kai da danginka kun ɗauka wasa nake yi ana biya na. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina faɗa muku aikina ɓatawa ne. Kafin a kai wasa kasuwa ni ake miƙa wa, in ɗauki ɗan mutumin da ke ciki in bi bango da shi ina gwara masa kafaɗa, kusurwa bayan kusurwa, har in sami inda zai zurma. In yi tsalle inda ba a ce a yi ba, in koma baya inda aka ce a ci gaba. Duk abin da ya karye in ba shi lamba, in rubuta inda ya faru, in rubuta girmansa: babba, matsakaici ko ƙarami. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Amma ya cinye mini ido. Na manta rabon da in zauna gaban allo in ji daɗin abin da ke kai, kuma abin ya biyo ni har gida. In na shigo falo, labulen da ya karkace nake fara gani kafin in ga wanda ke zaune.

Ita kuwa 'yar taka, tun da ta cika sha biyar sai ganin ƙeyarta. Daga makaranta sai ɗaki, ta rufe ƙofa, ta rungume tsohuwar kwamfutar da ka bar mata. Hirarmu ta yini guda ba ta wuce "kin ci abinci?" da "na ci". Na tambaye ta wane wasa take so, ta ce ba komai. Kai ne ka san hanyar cikinta. Kai ka raɗa mata Injiniya tun ranar da ta kwance maka rediyo tana 'yar shekara biyar, kuka zauna kuna dariya ni ina tsintar ƙusoshi a ƙarƙashin kujera. Ni ban san ta inda zan shiga ba. Wani lokaci ji nake kamar haya muke yi a gida ɗaya, ni da ita.

Zan sake gwadawa, saura mako biyar a yi hutun. Ka riƙa shafa maganin gwiwar, ka gaishe mini da abokin ɗakinka mai minshari. Allah ya tsare mana kai.

Matarka,
Maman Injiniya


Ranar Lahadi da yamma

Baban Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kuma ruwan da aka ce ana tafkawa a wajenku bai hana ku aiki ba. Ban jira amsarka ba, domin yau ina da labari, in ban zuba shi a takarda ba zai fasa mini ciki.

Bari in fara da ofis. Ranar Alhamis Manaja ya tara mu ya ce baɗi kashi na huɗu na wasan harbin nan za mu yi. Wata cikin masu zane ta kawo shawarar wani sabon abu da ta yi wata shida tana shiryawa, ya saurare ta minti uku, ya ce yana da kyau amma wa zai saya. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni kuma na ƙunso takaicina na kawo gida.

Yau muna cin abincin rana sai na sauke shi. Na ce fasaha ta mutu a sana'ar nan, kowa kwaikwayon kowa yake, babu wanda ya ƙara ƙirƙiro komai, daga masu kamfani har yaran da ke tasowa. Ka san ni in na fara. Sai kawai 'yarka ta ajiye cokali ta ce ba gaskiya ba ne. Sai da na ɗago kai don in tabbatar ita ce ta yi magana. Ta ce ba sai abu ya faɗo daga sama ne zai zama sabo ba, wai ko tafiya da tsalle ne kawai, in mutum ya gina su a kan abin da shi kaɗai ya sani, sabo ne. Na ce wannan maganar wanda bai ga wasa dubu ba ce. Ta ce ni kuma na ga dubu amma ban buga ko ɗaya ba. Wallahi ta ba ni haushi, kuma ta burge ni, domin rabon da ta jera mini magana uku tun bara.

Ta tashi ta shige ɗaki, na ce shi ke nan na sake ɓatawa. Sai ga ta da kwamfuta. Ta sa na yi alkawarin ba zan faɗa maka ba, ga shi ko rana ba ta faɗi ba na karya, sai ka yi kamar ba ka sani ba. Ashe duk rufe ƙofar nan wasa take haɗawa da kanta, wata goma sha ɗaya, ita kaɗai, kuma kai za ta ba a matsayin kyautar hutu. Muna ta neman abin da za mu saya mata, ita tana ciki tana ƙera naka.

Ka san wane ne jarumin wasan? Takalminka na hagu, cikin baƙaƙen nan masu igiya da ka bari a bakin ƙofa. Ya farka ya ga babu ɗan'uwansa, shi ne yake bin gida da tsalle yana nema. Gidanmu ne sak, amma daga ƙasa, yadda takalmi zai gan shi. Ga ƙafar kujerar nan da ka ɗaure da waya. Ga murfin kwalbar da ya shekara a ƙarƙashin kabad. Ƙugin firij ma namu ne, da wayarta ta ɗauka, har da ɗigar famfon kicin. In igiyar ta maƙale a ƙusa sai ka yi dabarar kwance ta. Ni ma ina ciki: ƙafafu biyu ne ba fuska, suna wucewa da sauri daga kicin zuwa ƙofa, in ba ka kauce ba su yi ƙwallo da kai. Na yi dariya, ko da yake abin ya ɗan sosa mini rai.

Baban Injiniya, yarinyar nan tana da kai. Tun da na fara aikin nan ban ga irin wannan ba. Sai na ce a raina babbar karar da zan yi mata ita ce in yi mata aiki irin wanda nake wa manya. Na ce ta miƙo mini biro da takarda. Na fara da bayan firij, nan take takalmin ya ratsa bango ya faɗa cikin duhu, yana ta faɗuwa babu ƙasa. Na rubuta. Igiyar tana nutsewa cikin darduma in an juya da sauri. Sautin famfo yana ninkuwa in ka shiga kicin sau biyu a jere. Ƙafafun nan nawa, in ka tsaya a wani gurbi, ta cikinka suke bi su wuce. Awa biyu ina kai, tana tsaye a bayana ko zama ba ta yi ba. Kurakurai arba'in da uku na fitar, kowanne da lambarsa da girmansa, cikin rubutu mai kyau. Ban kai ƙarshen wasan ba, amma wannan ba komai, sai ta gyara.

A ofis masu haɗa wasa har bakin mota suke bi na suna roƙon in duba musu nasu, ita ga shi ta samu a gida ba roƙo. Ta karɓi takardun, ta karanta tun daga farko har ƙarshe, ta ce ta gode. Abincinta ne dai ba ta dawo ta ƙarasa ba, na rufe mata shi. Ina jin wannan ne karo na farko da na ba ta wani abu nawa na kaina da zai amfane ta, yau raina fes.

Batun kyautarta ka bar shi a hannuna, yanzu na san irin kan da zan yi wa sayayya. Ka huta da kyau, ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Taka har kullum,
Maman Injiniya


Ranar Laraba

Baban Injiniya,

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Na ji daɗi da ka ce likitan kamfani ya duba gwiwar. Mu ma jikinmu lafiya. Sauran kuma ga shi nan.

Wasiƙarka ta iso jiya. Shafi biyu kana murna, har ka ce ka karanta wa abokin ɗakinka labarin takalmin. Sai a can ƙasa ka sa tambaya guda: da na gama bugawa, me na ce mata? Na zauna a bakin gado na bi ranar nan daki-daki, tun daga cokalin da ta ajiye har abincin da na rufe. Na faɗa maka tana da kai. Na faɗa wa abokiyar aikina. Har shagon nan na biya takanas na faɗa wa mai shago don in ci gardama. Ita kaɗai ce ban faɗa wa ba. Abin da ya fito daga bakina a awa biyun nan shi ne "miƙo biro" da "ƙaro takarda".

Da tambayar ta zo da wuri, da ta yi amfani. Amma motarku mako biyu take ɗauka kafin ta je ta dawo, kuma a mako biyun nan na ƙarasa ɓarnar.

Bayan kwana shida ta dawo mini da kwamfutar, idanunta sun faɗa, ta ce ta gyara. Ta gyara da yawa kuwa. Sai dai a aikin nan in ka toshe rami ɗaya biyu ne ke buɗewa, kowa ya sani, kuma ni ya kamata in gaya mata haka tun farko. Na fitar mata da wasu sha tara. Ina cikin rubutu, ko kai ban ɗago ba, na ce yadda takalmin ke tsalle ya yi kama da na wani tsohon wasa da muka taɓa gwadawa, an riga an yi irinsa. Ban faɗa da mugunta ba, so nake in nuna mata na san tarihin abin. Ta tambaye ni ko wannan ma kuskure ne, a wane girma za a sa shi. Na ɗauka tsokana ce, na ce ta sa a matsakaici.

Shekaranjiya ta kawo na uku. Ta ajiye a gabana ta ce in duba da kyau. Baban Injiniya, babu gida. Ta cire firij saboda bayansa ne ke zurmawa. Ta cire famfo saboda sautinsa, ta cire kujera da kabad da murfin kwalba, ta cire ƙafafuna. Igiya ta ƙi daina nutsewa, ta cire igiya. Tsalle an taɓa yi, ta cire tsalle. Takalmin da ba ya tsalle kuwa ba shi da amfani, sai ta mayar da shi ɗan baƙin akwati. Abin da ya rage siririyar hanya ce tsakanin farin bango biyu. Ka danna maɓalli ɗaya, akwatin ya silale daga wannan ƙarshe zuwa wancan, rubutu ya fito cewa an gama. Daƙiƙa arba'in yake ɗauka.

Hannuna ya yi abin da ya saba. Na gwara akwatin a bangon dama, na gwara a na hagu, na danna komai da komai. Ko gezau. A rayuwata ban taɓa riƙe wasa mai tsabta haka ba. Ta tambaya ko akwai kuskure, na ce babu. Ta ce madalla, ta rufe kwamfutar a hankali.

Na ce ina na farkon, mu koma kansa, shi ya fi. Ta ce a kansa ta yi ta gyarawa, babu wani. Ban yarda ba. Jiya da ta tafi makaranta na ɗauki kwamfutar na kai wa masanin ofishinmu da ke dawo da abin da aka goge. Ya yini a kai, ya ce an rubuta sabo a kan tsoho ya fi sau ɗari, sai haƙuri. Abu na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci a wurinmu shi ne ya ajiye kwafi kafin ya taɓa komai. Na rubuta mata abu sittin da biyu, wannan ɗaya ban rubuta ba.

Da yamma na same ta na ce wasanta na farko ya fi duk abin da na taɓa gani kyau. Ta dube ni ba fushi ba komai, ta ce ba sai na lallashe ta ba, ita ba ƙaramar yarinya ba ce, ta karanta takardun. Da me zan musa? Rubutun hannuna ne, shafi bakwai, ga lamba ga girma, maganar bakina kuwa sai bayan kwana goma sha shida ta zo.

Ban san abin da nake so ka ce ba. Raina ya ɓaci da kaina irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Kada dai ka ce mini za ta manta, ka fi ni sanin ba ta mantuwa.

Matarka,
Maman Injiniya


Ranar Asabar

Baban Injiniya,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na gode da wasiƙarka, da kuma yadda ba ka ɗora mini laifi ba, ko da yake da ka zage ni da na fi samun sauƙi. Takardar da ka rubuto mata na miƙa mata a rufe, ta karanta a ɗaki, ba ta faɗi abin da ke ciki ba, ni ma ban tambaya ba.

An yi hutu ranar Alhamis. Ashe tun kafin nan ta kira yayarka ta roƙa ta je ta yi hutun gaba ɗaya a wajenta. Goggon tata ce ta kira ni tana murna, ta ɗauka da sanina. Na ce eh, da sanina.

Kyautarka na saya. Na sake tambayarta abin da take so, wannan karon ta amsa, wai ko wanne, wanda kowa ke bugawa, tunda 'ya'yan Goggo suna da na'urar buga shi. Na koma hawa na biyu na ce wa mai shago ya ba ni na ƙwallon nan. Na shirya zai yi mini dariya, ya tuna mini da duk surutun da na zuba masa. Sai kawai ya ce ina 'yar tawa mai takalmi, yana nan yana jira ta gama ya yi mata wuri a saman kanta. Na ce masa ai ta daina. Ya naɗe kwalin ya miƙo mini. Na ba ta na ce daga Babanta, ta ce a gode maka, ta sa a jaka da ledarsa. Kwamfutar kuwa a kan teburin falo ta bar ta, da wayar cajinta a naɗe a kai. Na ce ta yi mantuwa, ta ce tana sane, nauyi za ta yi mata.

Filashin kwamfutar da ke cikin ambulan ɗin nan naka ne, ita ta ce in aiko. Ɗan akwatin ne da farin bango. Ka buga, ba zai ɗauke ka minti ɗaya ba, kuma ba zai karye maka ba, ni na gwada.

Yau da safe na raka ta tasha. Ta sami kujerar taga, ni ina tsaye a ƙasa ana ta loda kaya. Na ga in ban tambaya yanzu ba sai bayan mako shida, sai na ce ta gaya mini abu ɗaya: mene ne a ƙarshen wasan, takalmin ya sami ɗan'uwansa?

Ban taɓa faɗa maka abin da ya hana ni kaiwa ƙarshe ba. Wuri na ƙarshe a wasan ƙofar ɗakinta ce, a rufe. Na tura ta, na yi tsalle a kanta, na ja baya na zo da ƙarfi, na danna kowane maɓalli ɗaya-ɗaya da bibbiyu, ta ƙi. Na rubuta "babba, ƙofa ba ta buɗuwa, ba a iya gama wasan", na ja layi biyu a ƙarƙashi. A zagaye na biyu ma haka na tarar da ƙofar, na sake rubutawa, har na ƙara da cewa ba a gyara ba.

Ta taga ta dube ni ta ce wannan ba kuskure ba ne. Ɗauke hannu ake yi. In takalmin ya tsaya a bakin ƙofar, ba a taɓa komai ba har a ƙirga ashirin, sai a buɗe masa daga ciki. Na ce me ya hana ta faɗa mini a lokacin? Ta ce in an faɗa ai ya lalace, ita jira take in gaji in tsaya da kaina, shi ya sa ta kasa zama. Ta ce sau biyu na kai wajen goma, lokacin da na ɗauki biro, sai in ajiye in sake dannawa. Na ce to don me ta cire, tunda ta san daidai ne? Ta ce ni ce na san aikin, kuma na ja layi biyu.

Na ce me ke cikin ɗakin? Direba ya riga ya tayar da mota. Ta ce ba komai, ya wuce, in kula da kaina, ta ja gilashi.

Na dawo gida rana ba ta take ba. Ba zan ɓoye maka ba, na je bakin ƙofar ɗakinta na tsaya, na harɗe hannuwa a baya, na ƙirga ashirin. Na san babu kowa a ciki, ni na sa ta a mota. Duk da haka na ƙirga wata ashirin ɗin, sannan na je na kwashe shanya.

Ka roƙi shugabanku ko kwana uku ne ya ba ka. Ka wuce wajen yayarka kai tsaye, ba sai ka biyo ta nan ba. In ta gaya maka abin da ke cikin ɗakin, kada ka rubuto mini, sai in ita ce ta ce ka faɗa.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Matarka,
Maman Injiniya